Rigunan 'Yan Gishiri

Jikata Hanan ce ta tsokano ni. Tana kwance tana danna waya, injin wanki yana ta juyi a bayanta, ta kira ni kaka da Larabci, ta ce, "Sitti, wanki kuma har sana'a ce?" Na ce a ba ni biro. Ban iya rubutu ba sai da haƙorana suka fara zuba, a ajin matan unguwa na koya, saboda haka wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi haƙuri. Hannun ya saba da matsa, bai saba da biro ba.

Wankin farko da na yi a Jidda na wani mai shago ne a Bab Makka, fararen riguna masu dogon hannu. Lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, hajjin da muka zo tare shi ne ya raba mu, ni kuma ba ni da wanda zan koma wa. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, Inna Kulu, ta ɗauke ni a ɗakinta a unguwar Kurayyat. Ta ajiye mini baho da jarka ɗaya ta ruwa, ta zauna tana kallo. Na yi wanki irin na gida, na zuba ruwa son raina, kafin in kai rabin kayan jarka ta ƙare. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta nuna mini hanya da baki, ta ce, "Motar ruwa tana can bayan masallaci. Ki ɗauko a ka, gobe za ki san darajarsa."

A wajenta na koyi cewa ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Ruwan ɗaurayar yau shi ne na jiƙon gobe, na jiƙo kuma a wanke tsakar gida da shi. Na koyi sa bula daidai yadda farin kaya zai yi haske ba tare da ya koma shuɗi ba. Na koyi hura gawayin dutsen guga ba tare da toka ta sauka a kan rigar mutane ba. Na koyi duba sama. Jidda gari ne mai laima, akwai ranar da za ki shanya kaya tun hantsi har la'asar suna nan jiƙe kamar yanzu kika matse su, in kika bar su suka kwana kuwa sai su yi warin rijiya. Irin wannan rana da dutse ake busar da su, ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zuba miki a ido.

Wata ranar Alhamis bayan magariba wani dogon saurayi ya yi sallama da buhun shinkafa a kafaɗa. Ya ce sunansa Ilu, mutumin Gusau ne, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Ya zazzage buhun, sai ga korayen riguna da gajerun wanduna da safa, duk sun yi ƙiri-ƙiri kamar kilishi. Inna Kulu ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu ta ce, "Kayan wasan yara? A ba Asabe."

Haka aka ba ni, kuma haka na riƙe har gashin Ilu ya yi fari.

Filin da Ilu da yaran ƙungiyarsa suke buga ƙwallo wani fegi ne a kudancin unguwa, ƙasarsa gishiri ce zalla, shi ya sa ake ce musu 'Yan Gishiri. Da zagi ne, daga baya suka karɓe sunan. Wannan ƙasa ita ce wahalar aikin. In kika sa wa rigar omo kai tsaye ba zai yi kumfa ba, asara kika yi. Sai an jiƙa ta a ruwa tsura gishirin ya fita, a zubar, sannan a fara wanki. Ba a murza ta da ƙarfi, yadin roba ne. Ba a ɗora mata dutse kai tsaye, sai an shimfiɗa jiƙaƙƙen zani a kai, in ba haka ba ta narke ta bar miki tambarin dutse a gadon baya. Lambobin kuwa da hannu nake ɗinka su. Ilu ya yanko mini siffarsu a kwali, ni in ɗora a farin yadi in yanka in bi da allura.

Tun lokacin ba a kiransa Ilu, sai Kaftin, yadda 'yan gari suke kiran mai koyar da ƙwallo. Yana da doka guda wadda bai taɓa sassautawa ba: ɗan wasa ba ya tafiya gida da riga. Ana tashi kowa ya tuɓe ya jefa a buhu, shi da kansa yake saɓo buhun ya kawo mini. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Hajiya, yaran nan rabinsu ba su da iƙama, takardar zama a ƙasa. In jawazat, 'yan shige da fice, suka ɗauki yaro ranar Talata, rigata ta tafi Kano ke nan. Mutum a iya ɗauke shi, riga dai ta zauna."

Ta haka nake sanin an tafi da wani. Ba ya cewa an kama wane. Sai ya ɗaga riga ya ce, "Lamba bakwai a rage mata faɗi." In ɗauko allura in tsuke ta daidai jikin wanda zai gaje ta. Akwai rigar da na tsuke na kwance, na tsuke na kwance, har gefenta ya zama kamar rariya.

Mata ba sa zuwa fili, wannan kowa ya sani. Amma Kaftin in ya sauke buhu sai ya zauna a dakalin ƙofa, in miƙo masa shayi, ya buga mini wasan da baki tun daga farko. Yana yi yana zagin yaransa. Wane ƙafarsa kamar taɓarya, wane in ya ga ƙwallo sai ya tsaya gaishe ta. Ni kuma ina ware kaya ina kama shi da ƙarya. In ya ce sun danne Yamalawa, mutanen Yaman, tun daga farko har ƙarshe, in ɗaga rigar gola in nuna masa, ta yi baƙi gaba da baya. Sai ya yi dariya ya ce, "To, sun ɗan taɓa mu."

Mummunar shekara ita ce ta yaƙin Kuwaiti. Yamalawa suka kwashe kayansu suka tafi, mota bayan mota, har da katifu a sama. Su ne rabin masu kawo mana wanki, su ne kuma masu ƙungiyoyin da ake karawa da su. Gidajen da nake wa guga wasu suka rufe. Inna Kulu ta riga ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Baho ya bushe har ƙadangare ya shiga ya kwanta. Ba wasa, ba gasa, na ce to rigunan ma sun tsaya.

Sai ga Kaftin ranar Litinin da buhu. Ranar Alhamis ma ga shi. Na ce, "Da wa kuke wasa?" Ya ce atisaye suke yi. Na ce, "Atisaye da rigunan wasa? Kai da ba ka yarda a taɓa su?" Ya ce, "Yara sun yi sanyi, sai sun ji riga a jikinsu suke gudu." Daga baya Bala, golansu na lokacin, ya gaya mini har birgima Kaftin yake sa su yi a ƙasa, wai sabon salon horo ne daga Turai. Da wannan birgimar muka ci tuwo ni da Inna Kulu har ta cika. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba.

Yanzu ku saurara, don nan ne sana'ar take. Mai wanki tana ganin abin da matar mutum ma ba ta gani ba. Wanda yake fitsarin kwance, wanda yake tarin jini, wanda aka doka a gida. Inna Kulu ta ce mini abin da aka gani a baho tare da ruwan ake zubar da shi. Ranar da kika faɗi na mutum ɗaya, kin faɗi na kowa, ba wanda zai sake miƙo miki ko hankici.

Shekaru suka tura. Yaran farko suka zama iyaye, 'ya'yansu suka sa rigunan. Sai wata rana ina ware kaya na ga safar Kaftin, don nasa ma a buhun yake sakawa. Ta dama ta manne a wajen yatsu. Na jiƙa, ruwan ya canza launi. Mako na gaba haka, na gaba ya fi. Warin kuma na san shi, irinsa ne ya ci ƙafar wata maƙwabciyarmu mai ciwon suga.

Da ya zo na ce, "Kaftin, ƙafar nan fa?"

Ya ce, "Tuntuɓe ne."

Na ce, "Tuntuɓe ba ya wata uku yana ruwa. Ka je asibiti."

Ya ce, "Da wace takardar? Na je wajen mai kemis, ya duba ya ce wannan aikin likita ne, kuma na dogon lokaci. Ya ce in ina son in mutu da ƙafata biyu in koma gida."

Ba a yi wata ba ya tara yara bayan wasa ya ce ya ajiye. Ya ce zai je ya zauna a ƙarƙashin kubri. Ku da aka haifa da takarda ba ku san wannan ba. Wanda ba shi da iƙama kuma ya gaji, ko ba shi da halin tikiti, akwai gadar da ake zuwa a zauna a ƙarƙashinta da jaka, a jira motar jawazat ta zo ta kwasa, a kai mutum tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga can a sa shi a jirgi. Tafiya ce wadda ba dawowa. Bai gaya musu dalili ba. Ya ce ya tsufa, halas, shi ke nan.

Unguwa ta ɗauka. A wajen mai shayi, a ƙofar masallaci, har a wajen motar ruwa maganar ke nan. Wasu suka ce fushi ya yi don an ci su uku a gasar azumi. Wasu suka ce wata ƙungiya ce a gida ta kira shi. Wani tsoho da bai taɓa fashin kallo ba ya rantse ba zai sake taka filin ba. Masu zaginsa duk mako, masu cewa salonsa ya tsufa, su suka fi kowa hayaniya. Mata ma suka shigo ciki, don uwa ta san in ɗanta yana wajen Kaftin da la'asar to ba ya wani wajen.

Sai suka zo mini. Bala, wanda yanzu direba ne mai tumbi da kafili, ubangidan da ya tsaya masa a takarda. Mamman, mutumin Maraɗi, mai buga ganga a bakin fili. Da Usama, haifaffen nan, wanda Hausarsa sai ya haɗa da Larabci take tafiya. Bayansu kuma mutane cike da lungu.

Bala ya ce, "Hajiya, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki ce ya zauna."

Na ce, "Ba zan ce ba."

Usama ya ce, "Lesh, ya khala? Don me, gwaggo? Wallahi ni a hannunsa na girma. Ubana da aka tafi da shi, Kaftin ne ya je madrasa ya tsaya mini. Yanzu ya tafi haka kawai, kamar mu ba mutane ba?"

Mamman ya ce, "Mu mun gama shawara. Jakarsa tana wurina, na ɗauke. Kuma za mu riƙa kwana a ƙofarsa bi da bi. In ya ga dama ya tashi sama."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na san za su iya, kuma na san Kaftin, in aka roƙe shi da yawa zai zauna, don bai iya ganin yaro yana kuka ba duk da bakin nan nasa. Maganar tana kan harshena. Kalma uku ce, in faɗa kowa ya watse. Amma cikin masu tsayuwar nan ba wanda ban san abin da ke cikin wandonsa ba, kuma suna gaishe ni da sakin fuska ne don sun san ba a taɓa ji daga gare ni ba.

Ana cikin haka sai ga shi da buhu, yana takawa a hankali kamar mai tunani. Ya ga taro ya tsaya. Na shiga ciki na ɗauko safarsa da na wanke na naɗe, na miƙa masa a gabansu.

Na ce, "Kaftin, ni ba zan faɗa ba. Amma daga yau na daina wanke wannan. Ka ba Mamman ya wanke, tunda shi ke riƙe da jakarka."

Ya ce, "Asabe, ke dai ba ki da kirki." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Ya zauna a dakali, ya kwance takalmin dama. Safar ta ƙi fita, sai da na kawo ruwan ɗumi aka jiƙa. Da ta fita na gaba suka ja baya, na baya suka leƙo su ma suka ja. Mamman ya juya ya tafi, can sai ga shi da jakar, ya ajiye a gefen Kaftin ya tsuguna.

Usama ya ce, "Tun yaushe?"

Kaftin ya ce, "Tun kana zubar mana da fanareti."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan makoki.

Saura rakiya. Nan ma aka tsaya cirko-cirko, don wanda ba shi da takarda in ya je ƙarƙashin kubri ya raka wani, to ya raka kansa. Masu iƙama irin su Bala su suka kai shi a mota, suka shimfiɗa masa kwali kusa da ginshiƙi. Sauran, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi son sa, ba su da halin ko ɗaga masa hannu. Ni dai ina zuwa kullum da kwano a kai, ba mai tambayar tsohuwa mai kwano. Wurin cike yake, Habashawa, Pakistanawa, namu, kowa da jakarsa a ƙarƙashin kai. Kaftin yana zaune ya miƙe ƙafa, yana kallon motoci. In na zo sai ya tambaye ni wa da wa suka je atisaye, kamar ni nake zuwa.

Ranar Alhamis da safe Mamman ya zo ya ce in fito da tsofaffin riguna, duk waɗanda aka daina sawa. Ina da su, na ce zan yi tsumma da su ban yi ba. Na ce me za a yi? Ya ce, "Hajiya, kin taɓa jin an tare mai atisaye an ce ya kawo iƙama? Mai gajeren wando ina zai sa ta?" Na ce, "In aka tare ku fa?" Ya ce, "Sai mu raka shi har Gusau."

Na kwana biyu ban yi guga irin ta ranar ba.

Da la'asar ina zaune gefen Kaftin yana cin tuwo, sai na ga mutanen wurin suna miƙewa suna duban titi. Na juya. Ga su nan tafe a ɗaya hannun, layi biyu, korayen riguna, kore mai duhu da wanda ya koɗe da wanda ya kusa zama fari. Samari a gaba, a baya kuma magidanta masu furfura, riga ta ɗage ta bar cibiya a waje. Lamba bakwai kaɗai na ƙirga ta a bayan mutum huɗu. Ba ganga, ba waƙa, ba wanda ya waiwayo. Gudu kawai suke, sai ƙarar takalma. Akwai motar 'yan sanda a tsaye a bakin mahaɗa, suka bi ta gabanta, na ciki ya bi su da ido yana shan shayinsa.

Kaftin ya ajiye kwano. Ya dafa ginshiƙi ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. Na ɗauka addu'a zai yi musu. Sai ya buɗe murya yadda ban taɓa jin ta ba, don ni a dakali na san shi.

"Bala, ɗaga gwiwa, ba buhu kake ja ba! Usama, layi! Wa ya koya muku gudu baki buɗe?"

Bala ya ɗaga gwiwa. Mutum mai jikoki, yana gudu yana share fuska da gefen riga. Suka kai ƙarshen gada suka zagayo, suka sake wucewa, ya sake zagin su ɗaya bayan ɗaya da suna, har da waɗanda suka bar ƙwallo tun kafin a haifi Hanan. Bai manta kowa ba. A zagaye na uku muryarsa ta dushe, ya zauna. Suka miƙe hanyar unguwa har kore ya ɓace.

Ya ce mini, "Ba su iya komai ba." Ya ja kwanonsa.

Ranar Asabar na je da abinci na tarar da wani Bahabashe a kan kwalin. Ya yi mini nuni da hannu cewa mota ta zo da safe. Na ba shi tuwon.

Sai bayan babbar salla labari ya zo ta wayar Bala. An cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira, yana takawa da sanda. Usama ne ya zo ya gaya mini, ya tsaya a ƙofa ya ƙi zama.

Ya ce, "Yatsu biyu bas, biyu kacal. Da mun sani, ya khala, da ko a nan..."

Na ce, "Da kun riƙe shi da yanzu yana nan Jidda, a ƙarƙashin ƙasa. Sai ku riƙa kai masa ziyara."

Na tambaye shi labarin sabon mai horon. Ya ce ba laifi, yaro ne mai ilimi, ba ya zagi, har cin wasa suke. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

Ya ce, "Akwai wata tsohuwar taya da yake zama a kai a bakin fili. Ba wanda ya ɗauke ta. Wallahi har yau in aka zura mana ƙwallo, duk filin can muke juyawa, mu ji wa za a zaga."